Mijin Mai Maganin Tari

A danginmu na Kwong ba a taɓa haihuwar mafaɗaciya irin Yuk-sim ba. Ungozomar da ta karɓe ta ta yi ta rantsuwa har ta bar duniya cewa jaririyar ba kuka ta yi ba, masifa ta yi, wai an fito da ita ba a shawarce ta ba. Yanzu shekarunta sittin da uku, kuma duk tsohuwar kasuwar Jiangmen Yaya Sim ake ce mata, har tsofaffin da suka girme wa uwarta, don an gwada an ga hakan ya fi kawo zaman lafiya.

Shagonta bai kai faɗin tabarma biyu ba. Tulunan tagulla uku a kan kanta, kwanonin tangaran, sai baƙin allo a bisa ƙofa mai ɗauke da rubutun mahaifinta. Dafaffen ganye take sayarwa, irin wanda ake sha a tsaye, mai ɗacin da in ƙuda ya faɗa ciki sai ya fito yana neman gafarar iyayensa.

Ba a banza ta samu shagon ba. A gidansu ɗa namiji ake ba sirrin haɗi, mace kuwa wanke kwano ne nata, tunda gobe za ta kwashi sirrin ta kai gidan miji. Yayyenta maza biyu ne, ɗaya ya tsere masana'antar takalma, ɗaya ya haye Makau bai ko waiwayo ba. Ita kuwa tun tana 'yar shekara goma sha biyu, duk ganyen da aka dafa aka tace aka zubar sai ta kwashe, ta shanya a kan rufi, ta ware saiwa daban, ɓawo daban, ta shinshina, ta auna. Shekara shida tana wannan sata. Ranar da ciwon baya ya kwantar da tsohon, ita kaɗai ta dafa tulu uku, ba mai sayen da ya ji bambanci. Uban ya ɗanɗana, ya ajiye kwano, ya yi kwana tara bai ce mata ci kanki ba. Rana ta goma ya miƙa mata ɗan ma'auninsa. Tun daga ranar, taɓa sunan shagon nan da tsone mata ido duk ɗaya ne.

A kan tari ta yi suna. Mutum zai tsaya, kafin ya yi gaisuwa ta ce, "Fito da harshe." Ya fito da shi. "Yi tarin in ji." Ya yi. Nan take ta yanke hukunci: na zafi ne, ko na sanyi, ko busasshe. Busasshen nan, wanda ba kaki ba majina sai ƙaiƙayin maƙogwaro, shi ne gadon gidan. Sai ta ɗauko sutlei, farin ɗan itacen nan mai ruwa, ta yanke kansa, ta ƙwaƙule cikin, ta zuba dakakken cunbui, 'yan mitsi-mitsin albasan dutse da ake haƙowa a tsaunukan Sichuan, farare kamar haƙoran jariri. Ta jefa dunƙulen sukari, ta mayar da kan, ta turara awa guda.

"Kwana uku," take cewa. "In ya wuce kwana uku, kai ne ka ci soyayye, kada ka zo ka yi mini ƙarya."

Mijinta Mak Bing-kun, wanda kowa ke kira Tsoho Mak, shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin fito kafin a gina gada. Mutum ne da in ka tara maganar da ya yi tun aurensu ba za ta cika kofin shayi ba. Aikinsa yanzu shi ne zama a ƙofar shago a kan kujerar gora, da kejin tsuntsunsa mai waƙa a rataye bisa kansa. Yaya Sim kuwa da shi take talla. Duk wanda ya yi gardama sai ta nuna shi da ludayi: "Dubi wannan. Shekara sittin da takwas, bai san ƙofar asibiti ba. Shayin furena yake sha safe da yamma, jininsa kamar na ɗan shekara ashirin."

To ana nan, mako biyu bayan bikin tseren kwale-kwale, Tsoho Mak ya yi tari.

Ɗan ƙarami ne, ƙehe-ƙehe, kamar akuya ta shaƙi gari. Yaya Sim ko juyowa ba ta yi ba. "Busasshe ne," ta ce, ta ɗora sutlei a wuta. Kwana uku suka wuce, tari na nan. Ta zarge shi da cin soyayye a ɓoye, ya girgiza kai. Ta ƙara cunbui. Mako biyu, tari na nan, har ya fara yin ƙiba.

Daura da shagon akwai Tam Mai Tumbi, mai sayar da kunun shinkafa, wanda suka shekara ashirin suna gaba da ita a kan inda ruwan wanke-wanke ke bi. Shi ya fara.

"Yaya Sim, barka da asuba! Wannan sabuwar ƙararrawar shago ce kika saya? Tana da daɗin sauti."

"Ka ji da kununka da ya fi ruwan kogi tsinkewa, tulun banza."

"A'a, ni tambaya nake. Jiya wata baƙuwa ta ce in nuna mata shagon mai maganin tari. Na ce ta bi tarin, zai kai ta har ƙofa."

Masu shan kunu suka kwashe da dariya, wani har kunu ya fito masa ta hanci. Yaya Sim ta cika ta yi fam. Ran nan da rana tsaka ta rufe rabin ƙofa, ta tsaya a kan mijin.

"Da gangan kake yi ko?"

"Ni?"

"Kai mana! Duk faɗin garin nan ka rasa inda za ka yi tari sai ƙarƙashin allon ubana? Je ka bakin kogi ka yi, kifaye su ji!"

Daga nan yaƙi ya tashi. Ta hana shi kaza, ta hana shi lemo, ta hana shi barkono, gyaɗa, sanyin fanka da dariya mai ƙarfi. Ta dafa masa ƙwallon lohon, wani busasshen ɗan itace mai zaƙin tsiya, har fitsarinsa ya koma zaƙi, tururuwa na bin sa banɗaki a layi. Ta sayo huhun alade, ta tsaya a bakin famfo tana ɗura masa ruwa tana matsewa har ya yi fari fat, ta yi miya da 'ya'yan ƙwallon itace, ta tsare shi ya shanye tukunya. Sutlei kuwa, in za a jera waɗanda Tsoho Mak ya ci a daminar nan, za su kai Guangzhou su dawo. Ta ɗauke kujerarsa daga ƙofa ta kai bayan shago, sai tarin ya riƙa ratso bango, ya fi ma daɗin ji, kamar an sa masa lasifika.

Abin da ya fi ci mata rai ba bakin Tam ba ne. Wata tsohuwar malamar makaranta ce, wadda ta shekara goma sha biyar tana shan kwanonta. Ta zo da tari, ta fito da harshe, sai ga ƙehe-ƙehe daga bayan bango. Malamar ta mayar da harshenta a hankali, ta ce ta manta jakarta a gida, bari ta je ta dawo. Yaya Sim na kallo ta tsallaka titi ta shige kantin magungunan Bature. Kafin kaka ta shigo, tulun maganin tari yakan wuni cike, da yamma a tuttular a kwata.

Ranar bikin tsakiyar kaka 'yarsu Siu-tong ta zo cin abincin rana. Ita ce wadda ta yi karatu har ta gaji, tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Guangzhou, kuma fushin uwar ta gada kaf, ba ta bar wa kowa ko ɗigo ba. Tana ajiye akwatin wainar bikin ta ji tarin uban.

"Baba, tun yaushe?"

"Kwanan nan ne," in ji uwar.

"Ba ke na tambaya ba, Mama. Baba?"

Tsoho Mak ya ɗaga yatsu uku.

"Kwana uku?"

"Wata."

Siu-tong ta dire sandunan cin abinci. "Wata uku! Mama, tarin da ya wuce mako takwas hoton ƙirji ake yi masa, ba turare da ɗan itace ba!"

"Ji 'yar banza. Da ɗan itacen aka biya miki makarantar da kike zagina da ita."

"Ban zage ki ba."

"Kin ce maganin kakanki ƙarya ne."

"Ban ce ba. Cewa nake ba a sani ba."

"Ba a sani ba! Shekara dubu mutane na sha, ke da kika zo jiya ce ba ki sani ba!"

Siu-tong ta zaro waya tana dannawa kamar za ta huda ta. "Saurara. An tatsi abin da ke cikin cunbui an ba ɓeraye, tarinsu ya ragu. Wannan gaskiya ne, akwai wani abu a cikinsa. Amma a kan mutane, gwajin kaɗan ne, mutanen kaɗan, kuma yawanci an cakuɗa shi da ganye goma, ba a san wanne ya yi aikin ba. Wasu ma ba su ware waɗanda ba a ba komai ba, balle a kwatanta."

"A bar mutum da tari ba a ba shi komai ba? Wannan bincike ne ko mugunta?"

"Mama, yawancin tari da kansa yake tafiya cikin mako biyu ko uku. Ko ruwan zafi da zuma mutum ya sha, zai ji maƙogwaro ya yi laushi. In ya warke sai ya gode wa kwanon ƙarshe da ya sha."

"Wato shekara arba'in da biyar ruwan zafi nake sayarwa."

"Ban ce ba!"

"Ɓeraye! Ubana bai taɓa duba harshen ɓera ba!"

Siu-tong ta juya wajen uban. "Baba, ka gaya mini gaskiya. Kana shan wani magani? Ƙwaya, ko wani abu na asibiti?"

Tsoho Mak ya kalli matarsa, ya kalli kifin da ke faranti, kifin ma ya kalle shi. "A'a," ya ce, ya bi da tari.

"Kin ji ko?" in ji Yaya Sim. "Gidan nan ba a shan guba."

Siu-tong ta tafi ba ta ko yanka wainar ba. A ƙofa ta ce ranar Asabar za ta dawo ta kai shi hoto, ko da 'yan sanda ne.

Kwana biyu Yaya Sim tana juya abin a ranta tana wanke kwanonin da ba wanda ya sha da su. Haɗin ubanta ba ya kuskure. Idonta ba ya kuskure. To in haka ne akwai abin da ke ciyar da tarin nan a cikin gida. Ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa kan keji. Gashin tsuntsu! Ƙurar abincinsa! Kullum da safe tsohon nan sai ya shige lungu da gwangwanin abincin tsuntsu, ya juya baya, ya daɗe yana ƙunshe-ƙunshe.

Ta bari ya tafi gidan shayi wajen abokansa, ta sauke keji, ta sunkuci gwangwanin za ta kai wa ƙanwarta a ƙauye. Garin sauri murfin ya fita, gero ya watse a ƙasa, sai ga wasu farare-fararen abubuwa a cikin takardar azurfa, falle huɗu, biyu an ɓare su tas.

Ta zauna a ƙasa cikin geron. Ba ta iya karanta ƙananan rubutun ba, amma tambarin asibitin unguwa ta san shi sarai.

Da Tsoho Mak ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe da rana tsaka, falle huɗu a jere kan kanta, matarsa a tsaye riƙe da ludayi. Ya juya zai fita.

"Dawo nan, Baban Siu-tong. Tsuntsun ne ke da hawan jini?"

Tsoho Mak ya kalli keji.

"Tambayarka nake! Tsuntsun ne?"

"Ni ne."

A hankali, da tari a tsakanin kowace kalma biyu, labarin ya fito. Kafin bikin kwale-kwale an yi gwajin tsofaffi kyauta a asibitin unguwa, abokai suka ja shi. Aka ɗaura masa abin awo a hannu, ma'aikaciyar jinya ta kira likita da gudu. Aka ba shi ƙwaya, ɗaya kowace safiya.

"Shi ne ka ɓoye mini."

"Kin gaya wa duk kasuwa jinina na ɗan shekara ashirin ne."

"Sai ka bar ni ina ta nuna ka da ludayi kamar mahaukaciya!"

"In na faɗa, Tam zai ji."

Wannan kam gaskiya ce. Ta ɗauki waya ta kira 'yar, ta sa shi ya karanta sunan ƙwayar harafi-harafi. Ihun da Siu-tong ta yi, an ce har tasha an ji.

"Baba! Wannan ai an san shi da kawo busasshen tari! Cikin mutum goma sai ka samu ɗaya, a mutanenmu ma ya fi haka! Likita bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini. Duk wata in na je karɓa sai ya tambaya ko ina tari."

"Ka ce me?"

"Na ce a'a."

"Kana tarin kana cewa a'a?"

"Alewa nake sawa a baki kafin in shiga. In riƙe numfashi."

"Don me, Baba? Don me?"

Tsoho Mak ya sunkuyar da kai. "Uwar likitan a shagon nan take shan magani. Mijin Yaya Sim ya je ya ce wa likita tari ya fi ƙarfinsa? Ina allon zai sa fuskarsa?"

Yaya Sim ta daka masa tsawa. Sai da tulunan tagulla suka amsa.

"Kai ka ji jaki! Ka ɓoye mini ƙwaya don kada in ji kunya, ka ɓoye wa likita tari don kada in ji kunya, ka zauna ƙarƙashin allon kana kashe ni da kunya wata uku! Da ciwon huhu ne fa? Da mutuwa za ka yi don Tam Mai Tumbi kada ya yi dariya? Wa ya ce maka ina son irin wannan rufin asirin?"

Siu-tong ta ce kada ya kuskura ya daina sha da kansa. Ranar Asabar su uku suka je asibiti. Hoton ƙirji ya fito fes. Likita ya canja masa wata ƙwayar, ya ce tarin zai iya ɗaukar makonni kafin ya bar shi. Kwana goma sha biyu ya ɗauka. Wata safiya kasuwa ta wayi gari shiru, har mutane suna tambayar juna ko an yi rasuwa.

Ana wata sai ga wata. Tam, da ba ya iya riƙe labari bai juya shi ba, ya baza cewa kwanakin da aka ga shago a rufe, Yaya Sim ta tono wani tsohon haɗin ubanta ne da ya kashe tarin wata uku. Da iskar kaka ta busar da maƙogwaron gari, sai ga layi tun daga ƙofarta har gaban kunun Tam. Malamar makarantar nan ma tana ciki, ta samo jakarta.

"Yaya Sim, irin na Tsoho Mak za ki ba mu!"

"Ni kwano biyu, har da na surukata!"

Yaya Sim ta tsaya riƙe da ludayi tana kallon layin. Abin da ta yi wata uku tana nema ke nan, ya zo har ƙofa da ƙafarsa. Ba sai ta yi ƙarya ba ma, shiru kawai za ta yi ta zuba. Mijin yana kan kujerarsa, ba zai ce uffan ba ko za a yanka shi. Ta dubi na farko a layi, wani direban bas mai jajayen idanu, yana ƙehe-ƙehe irin wanda ta sani har cikin barcinta.

"Kai, tun yaushe?"

"Wata biyu da wani abu, Yaya."

"Kana shan ƙwayar hawan jini?"

"Ina sha. Me ya haɗa..."

Ta buga ludayi a jikin tulu, ƙarar ta tashi tantabarun rufi.

"Ku buɗe kunnuwanku, don ba zan maimaita ba! Ba ni na warkar da wannan tsohon banzan ba! Ƙwayar asibiti ce ta sa masa tari, likita ya canja ta, tari ya tafi. Sutlei ɗari ya ci a banza! Kai direba, ɗauki ƙafarka ka koma wurin wanda ya ba ka ƙwayar, ka yi masa tarin a fuska. Duk wanda nasa ya wuce wata biyu, ko yana ganin jini, ko yana ramewa, ya fice mini daga layi, ba na sayar masa!"

Daga can Tam ya ce, "Yaya Sim, yau kuma talla ce ta koma haka?"

"Rufe mini baki, kai ka jawo!"

Layin ya fara zubewa. Direban ya tafi yana ƙunƙuni, wasu suka bi shi, wasu suka tafi don dama maganin mamaki suka zo nema. Mutum talatin suka koma bakwai. Malamar makaranta ce ta matso.

"Nawa kwana huɗu ne, Yaya. Ba na shan komai."

"Fito da harshe." Ta duba. "Busasshe ne." Ta ɗauko sutlei mai zafi ta dire mata a kwano.

"Kwana uku ko?"

Yaya Sim ta yi kicin-kicin da fuska. "Zai tausasa miki maƙogwaro, ki samu barci. Wannan na gani da idona shekara arba'in da biyar. Ko shi ke korar tarin, ko tarin ke tafiya don kansa, ban sani ba."

"Ke ce ba ki sani ba?"

"Na ce ban sani ba! Masu farar riga da aka ba ɗakuna da na'urori su gano, suna can suna shayar da ɓeraye. Su zo nan mana, ga mutane masu tari na gaske a tsaye! Ci ki ba ni kwanona, akwai na bayanki."